Yinin da Tutu ya ƙi fita

Lalatendu Sahu ɗan yayata Basanti ne, amma duk unguwarmu a garin Cuttack Tutu muke ce masa. Ubansa mai shagon kayan zaƙi ne, kuma a lungun bayan shagon yaron ya koyi kurket, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani na bugu da sanda, yana murza ƙwallon da hannun hagu, har in ta dira ƙasa sai ta kauce wa mai bugu.

Yana ɗan shekara sha tara aka ɗauke shi ƙungiyar jiha. Mun yi murna kamar mu tashi sama, sai ga shi kakar wasa ta farko ta ƙare bai jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Aikinsa kai wa 'yan wasa ruwa da tawul. Abokansa suka samu abin tsokana.

"Tutu, a kawo mana ruwa mai sanyi!"

Shi kuwa ya ce, "Sai an zaɓe ku tukuna, ba kowa nake shayarwa ba."

A kaka ta biyu wani babban mai jifa ya gurɗe a ƙafa, aka sa Tutu a wasan kwana huɗu. Na ɗauki Basanti muka tafi fili da kwanon shinkafa da miyar wake. Ita ba ta san komai a kurket ba, abin da ya dame ta kawai yaron ya rame.

Jifansa na farko, mai bugu ya ɗaga ƙwallon har bayan 'yan kallo. Basanti ta hau tafi.

Na ce, "Apa," haka muke kiran yaya mace, "ɗanki fa aka buga wa."

Ta ce, "To ba ga shi kowa yana tafi ba?"

Daga baya ya nutsu, ya fitar da masu bugu biyu daga wasa. Amma a ranar ƙarshe ƙungiyarmu ta shiga uku. Masu bugunmu suka dinga zubewa, har aka zo kan Tutu, shi ne na ƙarshe. In ya fita an cinye mu, in ya jure har a tashi an yi kunnen doki. Ba wanda ya sa rai, don ko a lungu Tutu bai iya bugu ba.

Ya kafa sandarsa a ƙasa ya yi ta tarewa. Ƙwallo ta same shi a haƙarƙari, ta same shi a yatsa, bai gusa ba. Abokan hamayya suka kewaye shi suna masa ba'a, shi ko ɗago kai bai yi ba. Haka rana ta yi sanyi, alƙalin wasa ya tashi wasa, 'yan ƙungiyarsa suka rugo suka ɗaga shi.

Da ya iso wurinmu ya sunkuya ya taɓa ƙafar uwarsa, gaisuwar girmamawa a wurinmu. Ta riƙe yatsan da ya kumbura tana dubawa.

"Kun ci?"

"Ba mu ci ba, Bou," ya ce wa uwar tasa, "amma ba a ci mu ba."

"Duk wannan dukan a banza? Zauna ka ci abinci."

Ya dube ni yana dariya. "Mamu," wato kawu, "ka yi mata bayani mana."

Na ce ni na gaji.

Tun daga wasan ba a sake ajiye shi a benci ba. Yanzu kakarsa ta huɗu ke nan. Ba a san shi a ƙasa duka ba, amma ya sayi babur, kuma yaran lungunmu, har masu hannun dama, duk da hannun hagu suke jifa. Jiya na raka shi tashar jirgin ƙasa, za su buga a Nagpur.