Taubashina da Kadan Saga

Shekarar da na gama lakwal, wato makarantar boko, ɗan kawuna ya sauka gidanmu a Yamai, daga wani ƙauye can bayan Tawa. Saurayi ne siriri, bai kai ashirin ba, ya zo da baka da kwari a naɗe cikin tabarma. Babana ya kira shi ne ya taya shi sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, amma duk wanda ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Maharbi ne ni."

Taubashina ne, don haka bakina yana da izini a kansa.

"Maharbi," na ce masa, "a garin nan me za ka harba? Taksi?"

Cikin mako guda ya ƙarar da ɓerayen ɗakin ajiyarmu, ni kuwa na naɗa shi sarkin yaƙin ɓeraye. Sunan ya bi shi har kasuwa, ƴan layin atamfa suna ɗaga masa hannu suna jinjina.

Babana yana da ƴar fadamar shinkafa a Saga, nan gefen gari, wani dattijo Bazabarme ke kula masa da ita. Da kogi ya janye a waccan shekarar, sai ya bar kada a babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin. Kadan ya ɗauke akuya ɗaya. Mata suka ce ba mai sa ƙafa a ruwa, ga lokacin dashe yana wucewa. Maza suka yi ta taruwa a bakin gaɓa da adduna, kowa da shawararsa, ba mai matsawa kusa.

Taubashina ya roƙi babana ya bar shi ya je. Kwana uku yana zaune a kan tudu, ba ya komai sai kallon ruwa. Ni ke kai masa fura, in ce, "Har yanzu gaisawa kuke yi?"

"Ina koyon halinsa," ya ce.

Ashe ya gano inda kadan ke fitowa shan hantsi, kullum ta wata ƴar kafa ɗaya tsakanin ciyawa. Rana ta huɗu bai ɗauki bakansa ba. Ya nemi igiya mai kauri, da buhu, da tsohuwar robar tayar moto da ya yanka dogo-dogo. Ya ɗana zarge a bakin kafar, ya ba maza huɗu, har da dattijon, ƙarshen igiyar.

"Baba," ya ce wa dattijon, "ƙarfin kada wajen rufe baki yake. In an ɗaure bakin, ko ɗaurin goro ne ba ya iya buɗewa."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Wa zai ɗaure?"

"Ni."

Hantsi ya yi, kadan ya turo kai, zargen ya shige wuyansa. Suka ja. Da ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, laka ta tashi sama, uku cikin mazan suka saki igiya suka tuna suna da iyali. Dattijon kaɗai ya rage, ya naɗe igiyar a kututture yana ihu da Zabarmanci. Ni ina can nesa, ƙwaryar fura a hannu, na manta da ita har ta zube mini a zane.

Taubashina ya zagaya ta baya, ya jefa jiƙaƙƙen buhun a idon kadan. Dabbar ta yi tsit. Sai ya faɗa bayanta, ya danne bakin da hannu biyu, ya shiga naɗa roba. Da ya gama ya ɗago kai ya ce wa waɗanda suka gudu, "Ku zo ku kama wutsiya, ba ta da haƙori."

Wasu suka ce a yanka. Ya ce a'a, mahaifinsa bai koya masa kashe abin da ya riga ya ɗaure ba. Aka kira ma'aikatan gandun daji, suka sa kadan a bayan mota suka mayar da shi kogi, nesa da gonaki.

Dattijon nan, wanda ko babana sai ya rusuna yake gaishe shi, ya miƙa wa taubashina hannu biyu. Mata suka yi guɗa. Ranar babana ya ce a zuba masa tuwo a kwano ɗaya da shi, abin da yayyena maza ba su taɓa samu ba.

Da la'asar ya same ni a bakin famfo, ya miƙo mini wandonsa a dunƙule, yana waige-waige.

"Wanke mini, kada Innarki ta gani."

Na ɗaga wandon da yatsa biyu. "Wannan jiƙar fa?"

"Ruwan fadama ne."

"To," na ce. Na wanke, ban faɗa wa kowa ba sai yau, da ƴaƴansa suka girma suka iya karatu.