Littafin Butan a Gonar Dabinon Kawu

Jidda, Alhamis

Ƙarfe biyar da kwata, ina idar da sallar asuba, na tayar da mota. Tun ranar Talata Maryam, 'yar kawuna Dakta Sule, ta kira ni ta ce jikinsa ya yi nauyi, kuma ya ce in zo in ƙarasa masa littafinsa. Ciwon suga ya tafi da idonsa shekara biyu da suka wuce. Ni kuwa Ingilishi nake koyarwa, don haka ni nake karanta masa duk lokacin da na je.

Kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ne zuwa Madina. Shinge ɗaya na tarar. Ɗan sandan ya duba iƙamata, wato takardar izinin zama, ya ce in sa shi a addu'a. Ƙarfe takwas na tsaya a wani gidan mai, na karya da ful, wato faten wake, da gurasar tamis.

Madina

Goma da rabi na ajiye jaka a wani masauki a Anbariyya. Na yi azahar a Harami, na yi ziyara, sannan na nufi unguwar Awali, inda gonar Kawu take.

Na sami Kawu a kan gado ƙarƙashin dabino, ya rame ƙwarai. Ya laluba hannuna.

"Sani, ka zo? Babi biyu suka rage. Ba na so in tafi ban ji yadda mutumin ya ƙare ba."

Wani likita ɗan ƙasar Butan ne ya ba shi littafin a wani taro a Indiya. Butan ƙaramar ƙasa ce cikin duwatsu tsakanin Indiya da Sin. Marubucin tsohon malamin makaranta ne. Yana ba da labarin yadda aka kawo hanyar mota ƙauyensu, samari suka bi ta suka tafi, shi ma ya bi su, sai da ya tsufa ya koma.

Nakan karanta sakin layi, in mayar da shi Hausa, don Kawu ya ce a haka ya fi shiga zuciyarsa. A babin ƙarshe malamin ya kai jikarsa gidan da aka haife shi. Rufin ya rufta, yarinyar kuma ba ta jin yaren ƙauyen. Bai zarge ta ba, kansa ya zarga, don bai taɓa ba ta labarin wurin ba.

Kawu ya ɗaga hannu, na dakata.

"Addininmu ba ɗaya ba ne da mutumin nan, amma ya faɗi abin da na kasa faɗa. Shekara arba'in da ɗaya ina nan. Na so Madina, ina fatan a nan za a rufe ni. Amma ban taɓa kai yarinyar nan Gumel ba."

Maryam na tsaye da butar shayi. A Madina aka haife ta, tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. Ta ajiye butar ta zauna a bakin gadon. A hankali, cikin Hausa mai tsinkewa, ta ce, "Baba, gidanku, ƙofarsa ina take kallo?"

"Gabas," in ji shi. "Akwai rijiya a hannun dama."

Har aka kira la'asar yana siffanta mata ɗaki bayan ɗaki, da sunan wanda ya kwana a kowanne. Ita kuma tana rubutawa da haruffan Larabci.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na je sallama. Kawu ya miƙo mini littafin, sannan ya fasa. "Bar wa Maryam. Ta fi ka bukatarsa."

Ƙarfe biyu na kama hanya, bakwai saura na shiga gida lafiya.

Kwana tara bayan haka Kawu ya rasu, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ranar uku Maryam ta kira ni, ta tambaye ni awa nawa ne daga Kano zuwa Gumel.

Na gode wa Allah da ya kai ni a kan lokaci. Na gode wa likitan da ya ba da littafin, da malamin da ya rubuta shi, wanda bai san an karanta shi da Hausa a Madina ba. Allah ya jiƙan Kawu.