Wayar Marigayi Mansur

Salima ta fi shekara ashirin tana yi wa amaren Agiye lalle. A wurin gwaggonta ta koya, tun kafin a yi mata aure, kuma a da ba a ɗaura aure a unguwarsu ba a aiko mata ba. Sai 'yan mata suka fara zuwa daga Maradi da manyan wayoyi cike da hotunan zane. Amarya ta zaɓa a gilashin waya, a zana mata. Salima kuwa ƙaramar salula ce da ita mai maɓallai, idan an ce ta nuna aikinta sai dai ta miƙa tafin hannunta. Sannu a hankali aike ya ragu.

Bayan girbi ta sayar da akuyarta, wadda ta yi kiwo tun tana 'yar ƙarama, ta shiga mota ranar kasuwar Gangara. Can ta sami Hambali, mai teburin tsofaffin wayoyi. Ya ɗauko mata wata baƙa, ba ko ƙwarzane, ya kunna. Hoton wani saurayi ya fito yana riƙe da jariri, a ƙasa ana neman lambar sirri. Hambali ya ce wannan ba komai ba ne, mai ita ne ya manta, kowane mai gyara zai wanke ta a buɗe. Ta yarda ta biya.

Mai gyara a tashar Agiye ya wanke ta kamar yadda aka ce, ya goge duk abin da ke cikinta. Hoton ya tafi, amma da wayar ta tashi sai ta tsaya tana neman adireshin imel na wanda ya fara yi mata rajista. Ya gwada dabarunsa har la'asar, sannan ya miƙo mata, ya ce in ba mai ita ba babu mai wuce nan.

Kasuwa ta zagayo ta koma Gangara. Hambali bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce shi da ya sayar tana kawo hoto, ita ta kai aka lalata. Ta tsaya masa a gaban tebur har masu saye suka fara ja da baya, sai ya faɗa mata ƙauye da gidan da wayar ta fito, don dai ta tafi.

Ƙauyen yana bayan Gazawa. Da ta yi sallama a gidan, wata yarinyar mace ce ta fito da goyo, sunanta Farida. Tana ganin wayar ta zauna a ƙasa. Ta mijinta ce, Mansur, wanda rami ya rufta da shi a wurin haƙar zinariya a Jado. Abokan aikinsa suka kawo jakarsa gida, wayar na ciki, kuma a kwanakin zaman makoki ta ɓace. Farida ta san ƙanen mijin ne ya ɗauka, amma a gidansu take zaune, wa za ta faɗa wa?

Farida ta karɓi wayar, ta goge gilashin da bakin zanenta. Ta ce ta san lambar, shekarar haihuwarsa ce. Duk hotunansa suna ciki, da na ranar suna, da muryarsa yana yi wa yaron wasa.

"Yaya, kunna mini in gan shi."

 Salima ta ce, "An wanke ta, ƙanwata. Ban sani ba."

Farida ba ta gane ba sai da aka kunna, farin shafi ya fito da rubutun Faransanci. Adireshin da ake nema ma ba ta san shi ba. Wani mai shago ne a Agadas ya buɗe wa Mansur, shi kansa ba ya karatun boko. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ce Salima ta ɗauki kayarta, ita ba ta da abin yi da ita yanzu. Ko ruwa ba ta tuna ta kawo ba.

A gida Salima ta ce za ta kai ƙara jandarma. Mijinta ya hana, ya ce ita za a fara riƙewa da sayen kayan sata, kuma maganar za ta koma kan yarinyar da ke zaune a hannun dangin miji. Ta haƙura. Mai gyaran ya karɓi wayar ya cire gilashi da batir, abin da ya ba ta bai kai kuɗin kaza ba.

Damina ta zo ba ta da dabba a turke. Yanzu tsofaffi ne masu zuwa wurinta, masu son lallen ƙafa na gargajiya, sai kuma ranar salla. Idan wata ta ba ta shawarar ta nemi babbar waya, takan ce ta taɓa saye, ta ci gaba da kwaɓa lallenta. Hambali yana nan a Gangara, har ya ƙara tebur na biyu.