Takardar da Malama Ta Sa a Jaka

Malama ce ke buɗe akwatin addu'a na cocinsu, yau shekara goma sha tara ke nan. Akwati ne na katako mai ɗan tsago a sama, an kafe shi jikin bango kusa da ƙofa. Duk mai damuwa sai ya rubuta a 'yar takarda ya jefa, ba suna, ranar Laraba da yamma Malama ta karanta, jama'a su durƙusa su yi addu'a. Wai ba suna! To ai matar nan shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, rabin ikilisiyar ita ta kama musu hannu suka koyi riƙe fensir. Tana ɗaga takarda ta san mai ita. Shugaban mawaƙa ma har yau haruffansa a kishingiɗe suke kamar masu jin barci.

Tsakani da Allah, ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Sai dai ranar Lahadi ta bi mutum da ido, tana auna yadda ya zauna da wanda ya gaisar. Halinta ke nan tun tana budurwa, komai sai ta leƙa ƙarƙashinsa. Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali. In ya dawo da wuri, me ya faru? In ya makara, ina ya tsaya? In ya yi shiru, me yake ɓoyewa? Ko aljihun rigarsa ba ya tsira daga bincike. A wurinta ƙauna ce, kuma ƙaunar ce da gaske, sai dai nauyi gare ta.

Wata Laraba tana jera takardun a ɗan ɗakin da ake rataye rigunan mawaƙa, sai idonta ya faɗa kan wata daga cikinsu. An rubuta: "Ba ni da salama a gidan da nake zaune. Na gaji. Ku roƙa mini Ubangiji ya nuna mini ko in yi magana, ko in ci gaba da shiru."

Rubutun matar ɗanta ne. Yarinyar ba ɗalibarta ba ce, daga wani gari aka auro ta, amma gida ɗaya suke, kullum Malama na ganin hannunta a littattafan jikoki. Ɗan nata direba ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba. Wato aure ne ke shirin mutuwa a ƙarƙashin rufinta, ita kuma za ta miƙe ta karanta wa duniya da bakinta? Ina! Ta ninke takardar ta cusa a jaka. Ba ta taɓa yin haka ba.

Daga ranar surukar ta shiga uku. In ta ɗauki waya, Malama na bakin taga tana goge gilashin da ba shi da datti. In ta fito da akwatin kayanta don ta share bayan gado, Malama ta ce, "Tafiya za a yi ne?" In ta daɗe a kasuwa, sai a tambaye ta hanyar da ta biyo. Abin da ya fi tsaya wa Malama a rai shi ne yadda yarinyar ke kai wa kafinta ruwa a rumfarsa ta bayan gida, su yi 'yan ƙus-ƙus, tana isowa su yi tsit. Wato har tsohon ya san maganar, ita kaɗai aka mayar bare.

Laraba biyu suka wuce. Rannan da safe surukar na shanya, Malama ta kasa daurewa, ta zaro takardar ta miƙa mata.

"Hannun wa ne wannan?"

Yarinyar ta duba, ta saki zanen da take matsewa cikin bokiti. "Mama, dama tana wurinki? Shi ya sa ba a karanta ba?"

"Tambayarki na yi. Me ɗana ya yi miki? Ko ni ce na hana ki salama?"

"Ni na rubuta, Mama, amma ba tawa ba ce. Faɗa mini aka yi na rubuta."

"Wa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Sai aka ji ƙarar zarto ta tsaya a rumfa. Kafinta ya fito yana kakkaɓe garin katako daga hannunsa, a hankali, yadda yake yin komai.

"Ƙyale yarinyar nan, Malama. Tawa ce."

Malama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Taka? Maigida, kai da ka iya rubutu?"

"Ai shi ya sa. Na san ko da ƙafa na rubuta sai kin gane. Na ce ita ba ki koyar da ita ba, ƙila mu tsira." Ya ɗan murmusa. "Ashe ba a tsira miki."

Surukar ta ɗauki bokitinta ta shige ɗaki. Malama ta sake kallon takardar, kalmomin da ta riga ta haddace, sai ga su da muryar mutumin da ta yi shekara arba'in tana gadinsa. Kunya ta kama ta, da tsoro, da wani baƙin ciki da ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

"Me ya hana ka faɗa mini?" ta ce.

"Abin da na je tambaya ke nan, ko in faɗa ko in bari." Ya zauna a kan kujerar da bai gama haɗawa ba. "Laraba biyu ina zaune a layi na uku, ina jira in ji an ɗaga ni gaban Ubangiji. Aka karanta ta mai ciwon ƙafa, aka karanta ta mai neman aiki, tawa shiru. Sai na ce to, amsar ke nan. Na ɗauka Allah ne ya ce in ci gaba da yin shiru, har na gode masa."

Malama ta buɗe baki. Tambayoyi sun cika mata ciki kamar kullum: tun yaushe, wa kuma ya sani, me ya sa sai yanzu. Ta haɗiye su duka. Ta jawo ɗan benci ta zauna gabansa, ta ɗora takardar a gwiwarsa.

"Ba Allah ba ne, Maigida. Ni ce. Yi maganarka, ina ji."