Sandar Mahaɗa da Jar Fitilar Waziriyya

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya tsayar da motoci domin mai tafiya a ƙasa ya jira har mai tafiyar ya kai gaci. A bakin kakata, Hajja Zainabu, na fara jin wannan magana, kuma ina daga cikin waɗanda suka gaza cika ta.

Muna yara a unguwar Waziriyya da ke Jidda, bayan sallar magariba, takan hau da mu saman soro ta hura gawayi a kanun, ɗan murhunta na ƙarfe, ta ɗora gahawa. A Sudan aka haife ta, inda mahaifinta yake gadin wata mahaɗar hanya da layin jirgin ƙasa, da sanda da jar fitila. Saboda haka tatsuniyarta ba ta buɗewa irin ta kowa.

"Ga ta nan tana huci kamar jirgi," in ji ta.

"Ta tsaya mu hau!" mukan amsa.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta mai gadi. Wai sarkin dawa ya shimfiɗa hanyar giwaye, ya naɗa barewa ta riƙa tare su da sanda idan ƙananan dabbobi za su ƙetare. Barewa ta auna faɗin hanyar da tsallenta, tsalle uku, sai ta ɗaga sanda ta saki giwaye. Kunkuru yana tsakiya giwaye suka bi ta kansa, shi ya sa har yau bayansa yake a tsattsage. Sarki ya tuɓe ta, ya naɗa hawainiya, wadda ta ce, "Ni ba na ƙirga tsalle. Ƙafar ƙarshe nake jira."

Daga nan Hajja ta ɗauka cewa bayan kowace jar fitila akwai mutum mai kallo. Ko a Jidda, in ta zo danja, wadda a nan muke kira ishara, sai ta ɗaga mata hannu ta ce, "Sannu da aiki." Da na shiga sakandare na ga ya kamata in gyara mata.

"Hajja, ba kowa a ciki. Na'ura ce mai ƙirga lokaci. Manyan titunan ma babu ishara sam, sai gadoji."

"To maigidana mai boko," ta ce, tana fifita gawayi, "ashe barewa aka sake naɗawa. Halas, shi ke nan, sha gahawarka."

Muka yi dariya. Ni na fi kowa.

Shekaru suka wuce. Aka faɗaɗa titin da ya raba gidanmu da na ƙanwarta, Hajja Asabe, wadda take ziyarta kowace Juma'a. Wata Juma'a fitila ta yi wa motoci ja, kakata ta ɗaga hannu ta shiga titi da sandarta. Ba ta kai rabi ba motoci suka taso. Ta maƙale a kan dakalin tsakiya, cikin rana, ana danna mata oda, har wani direba ya tsaya ya maido ta. Ba ta ji rauni ba. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Usmanu, ban gama Ƙulhuwallahu uku ba. Ashe ba ya ganina."

Ba ta ƙara ƙetarewa ba. Na yi mata alkawarin zan riƙa kai ta da mota. A lokacin ina aikin adana takardu a wani ofis a Abhur, can arewacin Jidda, kuma littafin da nake rubuta ayyukana ya nuna ƙarara Juma'o'in da na rubuta "mako mai zuwa". Hajja Asabe ta rasu kafin makon ya zo. Tsakaninsu titi ɗaya ne. Na kai Hajja a ƙarshe, amma gaisuwar mutuwa na kai ta.

Yanzu jirgin ƙasan da ke zuwa Makka da Madina ba ya haɗuwa da mota ko kaɗan, an killace layinsa. Irin aikin mahaifin Hajja ya ƙare, kuma ban ce ci gaba laifi ba ne. Sai dai gaskiyar da na faɗa mata a saman soro ba ta tsallakar da kowa ba. Hawainiyar da take nema ni ne, ban gane ba sai da ta kwanta dama.

Na tsaya a wannan ishara da agogo, safe da yamma, na rubuta abin da na gani: har yau tsofaffi ba sa kai gaci. Don haka nake roƙon dattawan unguwarmu, cikin girmamawa, su miƙa wannan takarda ga masu kula da titin, a bincika da tafiyar wa aka auna lokacin fitilar, a kuma ƙara shi. Idan ana neman ma'auni, akwai tsohuwa a kowane gida. Ni zan riƙe mata hannu.