Matar da ta nemo wa Athol Beryl ɗinsa

Duk safiyar watan Yuni, lokacin da sanyin hunturun kwarin Huon na tsibirin Tasmaniya ke yankan yatsu, za ka tarar da Noeline Harwood a rumfarta tana wanke saiwar furen daliya. Ta wanke, ta rarraba, ta rubuta sunan kowace a jikinta da fensir, sannan ta binne a dusar katako. Ba ta yarda da ɗan allon da ake sokawa a ƙasa ba, wai iska da jikoki ba su san darajar suna ba. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da rajistar ƙungiyarmu ta masu furanni, bana gwiwa ta ce ya isa.

Mu 'yan Tasmaniya gwanaye ne wajen rikita fure. Maƙwabciya ta miƙo maka saiwa ta kan shinge, ka manta sunan, ka raɗa naka. Kafin ka ankara fure ɗaya na yawo da suna huɗu.

Da gobarar daji ta cinye gidan Athol Direen, ba gidan ne ya fi ƙona masa rai ba. Jar daliyar da ya fitar da irinta da hannunsa, ya sa mata sunan marigayiya matarsa Beryl, ita ma ta ƙone. Ya sha rabar da ita, amma ba wanda ya riƙe sunan. Ga shi ya haura tamanin, ido ya kusa tafiya.

Wasunmu, har da ni, muka ce a ba shi kowace ja, ai ba gani yake ba. Noeline ta harare mu. "Ku dai ba ku da kunya. Makanta ce ta same shi, ba wauta ba."

Ta bi gida-gida ta tattaro jajaye goma sha bakwai, ta shuka a jere. Shekarar farko ta cire tara da suka saɓa da bayanin Beryl da ke cikin rajista. Ta biyu dodon koɗi ya cinye rabin sauran, ta sake bin gidajen. Ta uku saura uku, furensu kamar an tsaga kara. Sai ta tone saiwoyin, ta tura masa a baro da lakarsu.

Athol ya shafa ta farko ya ajiye. A ta biyu yatsunsa suka tsaya kan wuyanta, siriri mai ɗan lanƙwasa.

"Ga ta," ya ce. "Shekara arba'in ina lallaɓa wuyan nan kada ya karye."

Ta damƙa masa fensir, ta riƙe hannunsa har ya gama rubuta sunan.

Noeline, ke ce mai taurin kan da ya kunyata mu, kuma mun gode. Ku kuma, duk wanda aka miƙo wa saiwa ta kan shinge, ya tambayi sunanta ya rubuta kafin ya shiga ɗaki. Wataƙila matar wani ce.