Kwalaben Da Na Sayar Wa Mai Babur

Shekarun baya can, zamanin da keke sabo ya isa a kira mutum mai hali a ƙauye, ina sayar da maganin dabbobi a Karaye. 'Yar rumfa ce gare ni, da akwatin katako da nake ɗaurawa a bayan keke in ci kasuwanni har Rogo. Karatuna bai wuce firamare ba, sai 'yan watannin da na yi ina riƙe wa wani malamin dabbobi jaka, amma makiyaya suka liƙa mini Likita. Ban taɓa gyara musu ba. Har farar riga na sa tela ya ɗinka mini, don kar sunan ya tafi a banza.

Maganin da ya ɗaga ni wani na allura ne, a kwalba mai murfin roba, da hoton kan bijimi a jikin takardarsa. A Kano nake saro shi wajen wakilin kamfanin. Yana aiki ƙwarai, saniya tana kwance yau, jibi ka gan ta tana kiwo. Ba kowa ke iya sayen kwalba guda ba, saboda haka da sirinji nake zuƙa ina sayarwa kaɗan-kaɗan. Kwalaben da suka ƙare sai in tara su a kwali ƙarƙashin tebur, don mu a gidanmu ba a yar da mazubi. Mahaifiyata ko gwangwanin madara ne sai ta sama masa aiki.

Ina da wani aboki, Bafulatani, yana zaune a wajen Beli. Yana kiwo yana noma, kuma noman nasa kacokan a wuyan bijimai biyu yake, su ke ja masa garma. Bai yi boko ba. Wata rana ya zo mini da wani garin magani da aka yaudare shi da shi a kasuwa, ni kuwa na sami abin da nake so, na gyara farar rigata na shiga yi masa darasi. Na ɗauko kwalbata na nuna masa hoton.

Na ce, "Ɗan'uwa, ka ga kan bijimin nan? Shi za ka riƙa dubawa. In ba ka gan shi ba, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa."

Ya juya kwalbar a hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, Likita. Na riƙe."

Da rani sai ga wani mutum a kan babur ya tsaya a rumfata. Tsaf-tsaf da shi, ga iya gaisuwa, sai da ya tambayi gida da iyali da gajiyar kasuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai kwalabe yake saya yana kai wa masu ɗura turare a birni. Sharaɗinsa biyu ne: kar a ɓare takardar jiki, kar a cire murfin roba. Na ce masa me mai turare zai yi da takardar maganin shanu?

Ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, in ka kankare da wuƙa kwalbar karcewa take. Su can suna da ruwan da suke jiƙa ta a ciki, ta fita da kanta."

Amsar ta gamsar da ni, don dama so nake ta gamsar da ni. Na juye masa kwalin gaba ɗaya. Da ya tafi har dariya na yi masa a raina, wai na sami wawan da ke sayen shara. Daga baya ma bin abokan sana'a nake ina karɓo nasu, in goge su da tsumma su yi ƙyalli, in ajiye masa. Fiye da shekara muna wannan ciniki, kuma ko sau ɗaya ban tambayi sunan garinsu ba.

Farkon wata damina mahaifiyata ta kwanta ciwo, na kai ta asibiti a Kano, muka yi kwana goma sha wani abu. Ranar da na dawo aka ce mini abokina ya zo nemana har sau biyu, bijiminsa ɗaya ba lafiya. Washegari da hantsi na hau keke na nufi Beli. Ko'ina ka duba mutane na huɗa, amma gonarsa ko kunya ɗaya ba a ja ba.

Na tarar da bijimin kwance a gindin ɗorawa, haƙarƙarinsa duk a waje, numfashi sama-sama. Ɗayan yana tsaye a turke, garma a jingine da danga. Muka gaisa a gurguje, ya yi mini ya mai jiki, sannan ya ce da bai same ni ba sai ya tafi kasuwar Rogo. A can ya ga wani ya baje magunguna a tabarma, ya sayar da tunkiya ya sayi kwalba guda cur.

"Sai da na duba hoton sau uku, Likita. Shi ne. Kwana biyar ina yi masa yadda ka koya mini, amma kamar ruwa nake zuba masa."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko mini kwalbar. Tun daga girgizawa na san ba shi ba ne. Na gaskiyar yana da kauri kamar mai, wannan kuwa tsululu yake. Na zuƙo kaɗan na ɗiga a tafin hannuna na shinshina. Ruwan shayi ne. Na buɗe baki zan fara tsine wa wanda ya yi wannan aiki, ina juya kwalbar, sai idona ya sauka a gefen takardar.

Ina da wata al'ada, duk kwalbar da na buɗe sai in rubuta ranar da biro a gefe, don in san kwananta. To ga shi nan, an rubuta Laraba da shuɗin biro, an ɗan goga amma bai fita ba. Rubutuna ne, har da karkatacciyar L ɗin da malaminmu na firamare ya sha dukana a kanta.

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kwalbar nan ni na saro ta, ni na ƙarar da ita, ni na goge ta da tsummana na miƙa wa mai babur ina murmushi. Ba turare ake ɗurawa ba. Ta cikin robar da ya hana ni cirewa suke tura ruwan shayi da sirinji, su sake rufewa, su dawo da shi kasuwanninmu. Na shiga tuna yawan kwalayen da na juye masa, na kasa kai ƙarshen tunanin.

Abokina ya ɗauka ganin bijimin ne ya kayar da ni, har yana ba ni haƙuri. Na yi wa dabbar allurar gaskiya daga akwatina, amma ni da shi mun san lokaci ya wuce. Kafin la'asar aka kira mahauci aka yanka shi don kar ya zama mushe. Naman ma babu wani abin kirki a jikinsa.

Da mutane suka watse na faɗa masa. Na so in yi shiru, kuma da na yi shiru babu mai sani har abada. Amma na nuna masa rubutun, na ba shi labarin mai babur daga farko har ƙarshe. Na zaci zai zage ni, ko ya ɗaga sandarsa, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya karɓi kwalbar ya sa babban yatsa a kan hoton.

Ya ce, "Ƙaddara ce, ba da gangan ka yi ba. Amma Likita, ni ban iya karatu ba. Wannan hoton shi ne karatuna, kai ka koya mini. Yanzu me zan duba?"

Na tashi na ɗaura akwatina a bayan keke.

Bijimi ɗaya ba ya jan garma. A shekarar da hannu ya yi huɗa, rabin gonar ya bar wa ciyawa, gyaɗa kuwa bai shuka ba sam. Labari ya bazu daga Beli har Yammedi cewa maganin nan mai kan bijimi ya lalace, kamfanin ya koma zuba ruwa. Ina da na gaskiyar a rumfa, ina rantsuwa, babu mai saya. Wakilin Kano ya ga kaya ba sa tafiya ya daina turowa yankinmu, ni ma bayan shekara biyu na rufe rumfar na koma gona. Mai babur kuwa ban sake ganin ko ƙurarsa ba. Ragowar kwalaben da na tara masa rami na haƙa na farfasa su a ciki.

A da in na ji ana maganar jabun kaya da satar tambarin kamfani a rediyo, ɗauka nake rigimar masu kuɗi ce, su ƙarata can a birni. Sai a gindin ɗorawar nan na gane tambari amana ce. Wasu sun yi shekaru suna haɗa magani mai kyau har talakan da bai san baƙi ba ya yarda da hotonsu. Ɓarawo bai saci maganin ba, yardar ya sata, kuma da ta tafi kowa ya yi asara: mai kamfani, da direban da ke kawo kaya, da mai rumfa irina, da manomin da ya fi kowa ƙaramin ƙarfi. Har yau abin da ke ba ni tsoro shi ne ban yi sata ba, ban yi ƙarya ba, shara kawai na sayar.

Zumuncinmu da abokina bai yanke ba har Allah ya karɓi ransa, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai tun daga ranar bai sake yarda allura ta taɓa dabbarsa ba, ko ta wa ce, ko ta gwamnati. Ya koma jiƙe-jiƙen sassaƙe. Na ga shanunsa da suka mutu bayan nan da ciwon da na san allura uku za ta warkar. Duk lokacin da aka zo mini da labarin wata ta faɗi, sai in je in yi masa jaje, in zauna kusa da shi, in kasa haɗa ido da shi.